Daga Dalmar Gaskiya Zuwa Wayarka: Tarihin Wahalar Ƙ, Ɗ da Ɓ

 Yau ba maganar sikirin ko batir za mu yi ba, tarihi za mu ɗan taɓa. Amma ka daure ka karanta, domin wata rana zai iya cetonka daga asarar kuɗin firintin.

Kwanakin baya wata ɗalibar jami'a ta taso daga Samaru ta same ni a shago nan PZ, ranta a ɓace. Ta miƙo waya ta ce, "Malam, don Allah duba min, bairos ya cinye min kundina." Kundin bincikenta ne na kammala digiri, da Hausa aka rubuta shi. Wani shagon buga takardu ne ya buga mata a kwamfuta ya turo mata ta WhatsApp, ita kuma ta tura wa malaminta ba tare da ta buɗe ba. Malamin ya dawo mata da shi ya ce wannan ba Hausa ba ce. Saura kwana huɗu a rufe karɓa. Da na buɗe sai na ga duk inda ya kamata a ga ƙasa an rubuta }asa, ɗalibai sun koma ]alibai, ɓarawo ya zama ~arawo. Shafi sama da tamanin, duk haka.

Na ce mata, "Hajiya, kwantar da hankalinki, wayarki lafiyarta ƙalau." Babu bairos, babu abin da ya lalace. Matsalar da ta kawo min ta girmi wayar, ta girme ni, ta ma girmi jami'ar da take karatu. Kuma wani babban ɓangare na labarin a nan Zariya ya faru.

Ka fara riƙe wannan, shi ne ginshiƙin komai. Kwamfuta da waya ba su san harafi ba, lamba suka sani. Idan ka danna k, abin da ake ajiyewa lamba ce. Shi kuma salon haruffa, wato abin da saitin wayarka ke kira font, littafin zane ne da ke cewa lamba kaza ga hotonta, lamba kaza ga nata. Tsakanin lambar da zanen akwai taswira. Duk wata wahalar da ƙ, ɗ da ɓ suka sha a tarihi, a kan wannan taswirar suka sha ta: ko ba su da lamba, ko suna da lamba babu zane, ko an ba su aron lambar wani.

Tun zamanin ajami malamai sun ci karo da wannan, domin Hausa tana da sautukan da Larabci ba shi da su. Sai suka ɗauki ƙaf suka ba ƙ, suka ɗauki ɗa mai hannu suka ba ɗ, wasu haruffan kuma suka ƙara musu ɗigo. Da alƙalami abin ba wuya, hannunka ne, yadda ka ga dama haka za ka lanƙwasa. Da boko ya zo da injin ɗab'i sai lissafi ya canza. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, amma an daɗe ba a tsaya a kan hanya ɗaya ba. A tsofaffin littattafan Turawa za ka ga wani ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya liƙa ɗan waƙafi a gefe, wani ma bai bambanta k da ƙ ba sam. Dalilin a fili yake: ɗigo da waƙafi suna nan a akwatin kowane maɗaba'a, harafi mai ƙugiya kuwa sai an ƙera shi.

Ƙera shi nake nufi, ƙira ta gaske. A wancan lokaci kowane harafi ɗan guntun dalma ne da aka zuba a mazubi. Mai haɗa shafi yana tsaye gaban wani faffaɗan akwatin katako mai ɗakuna-ɗakuna, kowane harafi da ɗakinsa, yana tsinta ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a juye. Hannunsa ya haddace inda kowane ɗaki yake, ba ya ma kallo. Wannan akwatin shi ne taswirar haruffa ta farko. Idan kana son ƙ, sai an zana ta, an sassaƙa mazubinta, an zuba, an samar mata ɗaki. Kuma ba sau ɗaya ba: babba da ƙarama, ta kanun labari da ta cikin labari, mai kauri da mai kwanciya. Kowane girma nasa daban. Ka ga kenan harafi uku kacal sun zama kaya guda.

A 1926 aka kafa wata cibiyar nazarin harsunan Afirka a Landan, inda wani masani Bajamushe, Diedrich Westermann, ya jagoranci tsara haruffan da za su dace da harsunan nahiyar. Ra'ayinsu shi ne kowane sauti a ba shi harafinsa cikakke maimakon a yi ta ɗige-ɗige, domin ɗigo yana ɓacewa a ɗab'i, marubuci kuma yana mantawa da shi. A cikin shekarun 1930 ne ƙugiya ta samu shiga rubutun Hausa, daidai lokacin da Hukumar Fassara ta zauna a Zariya ta koma Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East. Daga wannan ofis ne Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar suka fito bayan gasar 1933, sannan Magana Jari Ce, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya da maɗaba'arsa ta wajen Tudun Wada, daga baya NORLA ta zo, sai NNPC a 1966. Littattafan makaranta da jaridun da suka fito daga wannan layi su suka sa idon Bahaushe ya saba da ƙugiya har ta zama ita ce daidai. Ni dai duk sanda na wuce ta Gaskiya a kan mashin sai na tuna cewa kakan abin da nake gyarawa a waya yana cikin wancan gini.

Harafi ɗaya ne bai samu ƙugiya a Nijeriya ba, shi ne na 'ya'ya, wanda har yau da ɗan waƙafinsa muke rubuta shi. 'Yan uwanmu na Nijar su ƴ suke sawa. In ka ga ƴaƴa a rubutun mutumin Maraɗi ko Damagaram, ba kuskure ya yi ba.

Zamanin tafireta ba sai na ja ba. Injinan na Turanci ne, don haka sau da yawa sai a buga k da d da b, a gama, a bi da biro ana ɗora ƙugiya da hannu. A shekarun 1980 an yi yunƙurin samar da salon haruffa guda da zai ɗauki harsunan Nijeriya gaba ɗaya, har shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu. Aiki ne mai kyau, amma bai iso teburin talaka ba.

Sai kwamfuta. Tsarin ASCII da Amurka ta fitar a 1963 gurbi 128 ne da shi, na Turanci zalla. Da aka faɗaɗa zuwa 256, ƙarin ya tafi ga harsunan Turai, irin su Faransanci da Jamusanci. Hausa ba ta samu ko gurbi ɗaya ba. To mai son buga littafin Hausa a kwamfuta a shekarun 1990 ya zai yi? A nan ne mutanenmu suka yi dabara. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro salon haruffa masu ƙugiya, waɗanda ɗaliban Hausa suka sani da Rabi'at da Abdalla, wasu ma sun yi irin nasu. Dabarar ita ce: tunda ba a ba mu ɗaki ba, mu nemo ɗakunan da Hausa ba ta cika shiga ba mu zuba kayanmu. Wasu salon sun zauna a kan alamomin baka, inda } ke fitowa a ƙ, { a Ƙ, ] a ɗ, [ a Ɗ, ~ kuma a ɓ. Wasu sun zauna a kan q da x da v, tunda Hausa ba ta amfani da su. Ka danna q, lambar q ce ta shiga fayil, amma zanen ƙ ne ya fito a fuskar kwamfuta da takarda.

Kada wani ya raina wannan aiki. Da shi aka buga littattafan adabin kasuwar Kano masu yawa, da jaridu, da kundayen digiri, a lokacin da babu wata hanya. Sai dai yana da sharaɗi ɗaya: duk inda fayil ɗin zai je, sai salon ya bi shi. Ranar da ya sauka a na'urar da ba ta da salon, rigar aro ta faɗi, sai ka ga ainihin abin da aka ajiye. Abin da ya sami kundin ɗalibar nan kenan. A kwamfutar shagon komai tsaf yake, domin salon yana ciki. Wayarta da kwamfutar malaminta ba su da shi, sai suka nuna gaskiya. Kuma in ka taɓa mamakin me ya sa wasu ke rubuta qasa da xaya da vata a Facebook, ga ɗaya daga cikin tushen abin. Hannu ne ya saba.

Abin da zai ba ka haushi shi ne, tun 1991 aka ba haruffanmu lambarsu ta kansu. A shekarar ne tsarin Unicode ya fito, da niyyar kowane harafi na kowane harshe ya samu lamba ɗaya da ba ya rabawa da kowa. Ƙ tana 0198, ƙ tana 0199, maƙwabtan juna. Ɓ tana 0181, Ɗ tana 018A. Amma ƙananansu an kai su wata unguwa can daban, ɓ a 0253, ɗ a 0257, cikin alamomin da masana furuci ke amfani da su. Wannan rabuwar unguwa tana da sakamako har yau. Mai zana salon haruffa yakan zana unguwa ɗaya ya bar ɗaya, shi ya sa za ka ga wani salon yana da ƙ amma ba shi da ɗ, ko yana da ƙaramar ɓ babu babba. Lamba ta samu tun 1991, zane ne ya yi nawa. An ɗauki shekaru kafin Times New Roman da Arial na Windows su zo da su, kuma sai a Windows 7 aka samu kibod ɗin Hausa a ciki. Kafin nan kuwa shagunan buga takardu sun riga sun saba da tsohuwar dabara, ga shi wasunsu har yau ba su sauka ba.

Waya ma ta ƙara nata. Da GSM ya shigo Nijeriya a 2001, ƙananan wayoyin lokacin ba su da ƙugiya a madannansu ko kaɗan. Ko da aka samu masu iyawa, akwai tarko: saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ka sa harafi guda da ba ya cikin jerin GSM, ko da ƙ ɗaya ce, saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal. Wato ƙugiya ɗaya tana iya mayar da saƙo ɗaya ya zama uku, a caje ka kuɗin uku. Wa zai yarda? Haka tsararmu ta taso tana rubuta Hausa ba ƙugiya, har wasu suna ganin ado ce kawai. Ba ado ba ce. Baki daban, baƙi daban. Bari daban, ɓari daban. Kuma wanda ya rubuta wa mai ɗori cewa kashinsa ne ya karye, to Allah Ya sa mai ɗorin ya gane.

Yanzu ga yadda wayarka ta Android take yi. A cikin tsarin wayar akwai wani fayil mai suna fonts.xml, wanda a Android 5 na 2014 aka fara ajiye jerin salon haruffa bi da bi a cikinsa. Shi ne jikan akwatin katakon nan. Idan waya za ta nuna harafi, sai ta tambayi salo na farko, kana da zanen lamba kaza? In ya ce babu, ta wuce na gaba, har ta samu. Shi ya sa idan ka sauke wani salo mai ƙyalƙyali daga manhajar ado ta Tecno ko Infinix, sai ka ga duk haruffa sun yi kwalliya amma ƙ ta fito siririya ko ta fi sauran tsawo, kamar baƙuwa a gidan biki. Aro aka yi daga wani salon. In kuma an bi jerin kaf babu mai ita, sai ɗan akwatin nan ya fito. Turawa suna kiransa tofu, wato awara, saboda kamarsa da yankan awara, kuma daga nan Google ya samo sunan Noto, tarin salon da aka yi don kada a sake ganin awara a rubutu. Gargaɗi ɗaya daga mai gyara: in ka yi wa wayarka rutin, kada ka shiga fonts.xml da wasa. Kuskuren layi ɗaya ya isa waya ta maƙale a tambari ta ƙi tashi. An sha kawo min irinsu, ƙarshenta sai filashin, hotuna da lambobi su tafi.

Wannan rubutun ado da matasa ke kwafowa suna sa wa sunansu a Facebook ma ba salo ba ne, alamomin lissafi ne na Unicode masu kama da haruffa, kuma babu masu ƙugiya a cikinsu. Shi ya sa ƙ ke tsayawa tsirara a tsakiyar sunan.

'Yan lissafi da fiziks na Samaru masu rubuta kundi da LaTeX sun fi kowa ganin taswirar nan ido da ido. Donald Knuth na Jami'ar Stanford ne ya ƙirƙiro TeX a ƙarshen shekarun 1970 saboda bai ji daɗin yadda aka tsara ɗab'in littafinsa ba. A tsarin akwai fayil ɗin taswira na musamman, kowane layi yana cewa sunan da TeX ya sani kaza ne, ainihin fayil ɗin salon kaza ne, jerin gurabensa kaza ne. In ka sa sabon salo ba ka sabunta taswirar da umarnin updmap ba, ko dai aikin ya tsaya da ƙorafi, ko rubutun ya fito da gefe kaca-kaca in ka zuƙo shi. A farkon shekarun 1990 wani Bajamushe, Jörg Knappen, ya yi salon fc don harsunan Afirka, da ƙugiyoyinmu a ciki. Yau dai hanya mafi sauƙi ita ce XeLaTeX, ka rubuta ƙ ɗinka kai tsaye, ka zaɓi salo irin Charis SIL ko Gentium, kyauta ne kuma sun cika.

To kai da ke riƙe da waya, ta yaya za ka san ƙ ɗin da ke fayil ɗinka ta gaske ce ko mai rigar aro? Kwafi kalmar ka liƙa ta a WhatsApp. In ta tsaya ƙ, ta gaske ce. In ta koma } ko q, aro ce. Yi wannan gwajin a gaban mai shago kafin ka biya shi. A waya, shiga saitin Gboard ka ƙara harshen Hausa, ka danna k ko d ko b ka riƙe, mai ƙugiyar za ta fito. A Word na kwamfuta, rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, ƙ ce za ta bayyana, haka sauran lambobin da na kawo a sama. In kuma dole ne ka yi aiki da tsohon salo, to ka mayar da aikin PDF kafin ka tura, domin PDF yana ɗaukar zanen a jikinsa. Sai dai ka sani ido kawai ya gyara wa. Wanda ya kwafi rubutu daga ciki } zai samu, wanda ya nemi kalmar ƙasa a ciki ba zai same ta ba.

Gyara na asali shi ne a canza lambobin da kansu, kuma shi muka yi wa kundin Hajiya. Na tura fayil ɗin kan laftof ɗin shago, na fara ajiye kwafi ɗaya gefe, kada ka taɓa tsallake wannan. Sannan na buɗe wurin nema da musanyawa na Word, na bi alamomin ɗaya bayan ɗaya, } ta koma ƙ, ] ta koma ɗ, har shida, na mayar da salon duka Times New Roman. Bai kai minti goma ba. Da a ce na q da x da v ne, da aikin ya fi haka, domin sai ka kunna Match case don kada babba da ƙarami su cakuɗe, kuma duk kalmar Turanci da lambar Rumawa da ke cikin kundin za ta shiga hatsari. Shafi na xiv sai ya koma ɗiɓ.

Mu ma ba mu tsira gaba ɗaya ba. Tana dubawa a wayarta sai ta ce, "Malam, mene ne kuma Ɗ1975ɗ?" A jerin manazarta akwai wuraren da alamar baka ta gaske ce, ta rufe shekarar bugu, ni kuma na bi ta da musanya. Muka zauna muka bi shafukan ƙarshe layi-layi da hannu, muka samu guda bakwai muka mayar. Ta biya kuɗin cajin da ta yi a shago, ta hau Keke ta koma Samaru kafin la'asar.